HAWAN DUTSEN SUKUR: TARIHIN WATA TSOHUWAR HANYA

Da Edita ya aiko mini cewa lallai bana ni zan cike shafin tarihi, sai da na yi kwanaki ina ja da baya, domin ni ba tarihi na karanta a jami'a ba, aikina a ma'aikata bai wuce awon hanyoyin karkara da lissafin kwalbati ba. To amma da na tuna akwai wata hanya guda wadda ni da 'yan ajinmu muka taka da ƙafafunmu, muka sauko ba mu san abin da muka taka ba, sai na ga ashe ina da abin faɗa.

'Yan ajinmu ba za su manta da ziyarar ƙaro ilimi ta shekarar 2006 ba, lokacin muna aji biyu na babbar sakandare. Malaminmu na labarin ƙasa ne ya dage har shugaban makaranta ya ba da mota, aka loda mu tun da asuba, kowa da gorar ruwa da garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda. Muka bi ta Uba da Michika har Gulak, daga nan muka saki kwalta muka shiga burji, ƙura ta yi mana hoda, har motar ta kai inda ba ta iya wucewa. Malam ya nuna mana tsauni da sandarsa ya ce, "Ga Sukur can bisa. Daga nan ƙafa ce motar kowa."

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ba mu tarar da 'yar siririyar hanyar awaki da muka zata ba. Hanya ce sosai, shimfiɗe da falalen duwatsu, an jera su ɗaya gefen ɗaya kamar daɓen tsakar gida, inda hawan ya yi tsanani kuma an mai da ita matakala. A wurare da dama mutum huɗu ko biyar za su jera kafaɗa da kafaɗa su wuce ba wanda ya gogi wani. Mun yi wajen awa biyu muna hawa, muna haki, mata 'yan garin kuwa na wuce mu da kaya a ka da goyo a baya suna yi mana sannu.

A nan ne na yi wata katoɓara da har yau take damuna. Da na ga kyan hanyar, sai na ce da ƙarfi, ina neman a yi dariya, "Wannan ai aikin Turawa ne, ina arnan dutse za su iya wannan?" Aka kuwa yi dariyar. Abokin zamana na benci, wanda iyayensa mutanen wannan yanki ne, bai yi dariya ba, bai kuma ce mini kome ba. Malam ne ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai yaro, kakanka da wace fartanya ya yi noma?" Ban gane tambayar ba a ranar. Wannan rubutu amsarta ce, ko da yake ta makara da shekaru masu yawa.

Sukur na cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, kusan kilomita 290 daga Yola, a kan jerin duwatsun Mandara waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru. Garin yana bisa wani shimfiɗaɗɗen tudu mai tsayin kusan mita 1,045 daga doron teku. Mutanensa na kiran kansu da harshensu Sakun, sarkinsu kuma Hidi. Daga gindin dutsen zuwa bisa akwai ƙananan hanyoyin ƙafa da dama waɗanda manoma da masu zuwa kasuwa ke yankewa ta cikinsu, amma manyan hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse su ne wadda ta hau daga arewa, wato wadda muka bi kuma wadda baƙi ke bi, da wadda ta fuskanci gabas wajen iyakar Kamaru. Dukansu fadar Hidi suka nufa, wadda ita ma da duwatsu aka gina ta, an ɗora wani kan wani ba siminti ba laka.

Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi, wadda ni ban yi ba, ita ce: me zai sa mutanen da suka hau dutse su wahalar da kansu wajen yi wa dutsen hanya mai faɗi haka? Abin da aka saba gaya mana shi ne mutanen duwatsu gudun yaƙi da farautar bayi ne ya kai su can. Akwai gaskiya a ciki, ga al'ummomi da yawa na Mandara. Sai dai wanda ya hau dutse don ya ɓuya ba ya shimfiɗa wa mai neman sa hanya. Wanda ke shimfiɗa hanya shi ne mai jiran baƙi, kuma baƙin Sukur fatake ne, abin da ke kawo su kuwa ƙarfe ne.

Allah Ya hore wa wannan yanki tama, wadda ruwan damina ke wankowa daga jikin duwatsu ta taru a ƙoramu kamar baƙin yashi. Mata da yara ke tattara ta su wanke su tace, maza su ƙona itace su yi gawayi, sa'an nan da rani, bayan an gama aikin gona, a hura murhun narka tama, ana zuga-zugi tun safe har dare. Abin da ya bambanta Sukur da sauran wurare shi ne narkar da tama ba sana'ar gidan maƙera kaɗai ba ce. Masu bincike irin su Nicholas David da Judy Sterner, waɗanda suka zauna da mutanen garin a shekarun 1990, sun nuna cewa manoma ma na yi, kusan gari ne gaba ɗaya ya zama masana'anta. Ƙarfen da aka samu sai a buge shi sanda-sanda, a kai kasuwa, fatake su saya su gangara da shi ƙasashen kwari, musamman Barno, inda tama da itacen gawayi suka yi ƙaranci. A can maƙera su mai da shi fartanya da gatari da lauje da mashi. Su kuma mutanen Sukur su karɓi abin da dutse ba ya ba su, kamar gishiri da busasshen kifi da tufafi da dabbobi. Sarautar Hidi kanta, wadda masana ke danganta kafuwar gidan da ke riƙe da ita, wato gidan Dur, da wajen ƙarni na 17, ƙarfinta ya dogara ne ga wannan ciniki: shi ke karɓar baƙi, shi ke tabbatar da cewa bafatake ya hau lafiya ya sauka lafiya.

Idan mutum ya fahimci wannan, sai hanyar ta daina zama abin al'ajabi ta zama abin hankali. Ƙarfe kaya ne mai nauyi. Mai ɗauke da shi a ka, yana gangarowa daga tsauni, yana bukatar inda zai sa ƙafa ba tare da tsakuwa ta kwashe shi ba. Haka nan Hidi da ke hawa doki yana bukatar hanyar da doki zai bi. Mutanen garin na da almararsu cewa wasu ƙatti ne masu ƙarfin gaske suka yi ginin fadar, kuma ban ga laifin almara ba, kowace al'umma na da irinta, mu ma muna da Bayajida da macijin Kusugu. Amma wanda ya taɓa tsayawa a kan leburori ya san abin da ke kafa irin wannan aiki: gayya ce, shekara da shekaru, kowace unguwa da nata rabon.

Shaidar farko a rubuce da ta nuna girman Sukur ta fito ne daga Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. A shekarar 1851 ya taso daga Kukawa za shi Yola, ya bi ta yammacin duwatsun, ta Uba da Mubi. Bai hau Sukur ba, amma labarin garin ya iske shi a hanya, ya kuma rubuta shi a matsayin gari mai ƙarfi wanda sarkinsa ke da kwarjini a kan sarakunan da ke kewaye. Ku lura da shekarar. Wannan kusan shekara hamsin ke nan kafin Bature ya kafa mulki a yankin. Ga amsar maganata ta "aikin Turawa".

Sai dai hanya ba ta tambayar wanda ke bisa kanta. A farkon ƙarni na 20 yankin ya faɗa hannun Jamusawa, cikin ƙasar da suka kira Kamaru, kuma a 1902 Hamman Yaji ya zama mai mulkin Madagali. Wannan mutum ya bar wani abu da ba kasafai ake samu ba, wato kundin abubuwan da yake yi yau da gobe, wanda ya riƙa shibta wa magatakardansa da Larabci daga 1912 zuwa 1927. Turawan Ingila sun fassara shi bayan sun kama shi, daga baya kuma James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga fassarar a 1995. Na samu kwafi a ɗakin karatu na jami'a, na karanta shi cikin dare biyu, kuma ban yi barcin kirki ba. A cikinsa yana lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu, da yawan shanun da aka kwaso, da yawan mutanen da aka kamo bayi, fiye da mutum 1,000, mafi yawansu mata da yara, duk a jere kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta cinikin yini. Sunan Sukur ya fito a ciki ba sau ɗaya ba. An ƙona gidaje, an kashe mutane, an tafi da 'ya'yan mutane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusancin lokacin. Ba zamanin jahiliyya ake magana ba. A 1912 jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano. Lokacin da muka hau dutsen a 2006, akwai tsofaffi a garin waɗanda iyayensu suka ga wannan abu da idonsu. Kalmar da na jefa don a yi dariya, ita ce kalmar da aka riƙa halatta kamun mutane da ita. Abokina ya san haka tun yana yaro, ni ne ban sani ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamusawa suka fita, Faransawa suka riƙe Madagali na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma hannun Ingilishi. Su ne suka tuɓe Hamman Yaji a 1927, ya rasu a 1929. Hare-hare sun tsaya, amma cinikin ƙarfe bai koma yadda yake ba, domin wani abokin gaba ya shigo wanda ba a tare shi da mashi: ƙarfen Turawa. Da motoci da jiragen ƙasa suka yawaita, sai maƙeri ya ga ya fi masa sauƙi ya sayi tsohon sifirin ɗin mota ko guntun ƙarfen dogo da ya jira wanda aka narka a kan dutse. Kafin shekarun 1960 wutar murhun Sukur ta mutu. Da wani mai bincike, Hamo Sassoon, ya bayyana yadda ake narka tama a garin cikin rubutun da ya buga a 1964, sana'ar ta riga ta zama abin da ake nuna wa baƙo. Har yanzu in ka duba gefen hanya za ka ga kashin maƙera a warwatse. Mun yi ta harbi da shi da ƙafa a ranar, muna zaton tsakuwa ce.

Daga nan mutane suka fara saukowa kwari, inda gona ta fi faɗi, ga makaranta da asibiti da kasuwa. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru ta Ingilishi ta zaɓi shiga Nijeriya, aka kira ta Lardin Sardauna. Sukur ta bi wannan lardi zuwa jihar Arewa maso Gabas a 1967, da Gongola a 1976, da Adamawa a 1991. Duk waɗannan sauye-sauye a takarda aka yi su. Wanda ke zaune a bisa, in matarsa na naƙuda ta gagara, hanyar kakanninsa ce dai zai bi da ita a kan makara.

A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi, sai a 2005 kurmin Osun na Osogbo ya biyo baya. Abin da aka yaba ba fadar kaɗai ba ce, har da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni aka tokare su da jingar dutse, da rumbuna, da ramukan da ake turke bijimai a ciki, da kufan murhun tama, da kuma su hanyoyin. Wannan suna ne ya sa Malam ya kai mu, shekara bakwai bayan haka.

Abin da ya faru a 2014 kuwa ba sai na tsawaita ba, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun gan shi, wasu sun rasa 'yan'uwa, ƙungiyarmu ma ta rasa mambobi. Madagali da Gulak da Michika sun faɗa hannun 'yan Boko Haram, Mubi ta biyo baya a watan Oktoba. Mutanen ƙauyukan kwari da dama suka haye dutse neman tsira, kamar yadda kakanninsu suka yi shekara ɗari da suka wuce. A watan Disamba maharan suka hau Sukur, suka cinna wa gidaje da rumbuna wuta, har da ɗakunan fadar Hidi. Jinka da itace sun ƙone, dutse ya tsaya. A 2018 wata ƙungiyar kare kayan tarihi ta duniya mai mazauni a Amurka ta sanya Sukur cikin wuraren da ke bukatar agajin gaggawa, mutanen gari kuma suka koma suka sake ɗora jinka a kan tsofaffin bangaye.

Ban sake taka wurin ba sai a watan Janairu na 2023, da aiki ya kai ni yankin duba wata hanyar burji. Hanyar nan damina biyu kacal ta yi a duniya, ruwa ya riga ya yanke ta gida uku, kwalbatin da aka biya kuɗinsa kuma ban same shi ba sai a cikin fayil. Ba zan ce kome game da wanda ya yi aikin ba. Da na gama rubuta rahotona, raina a ɓace, sai na nemi wani saurayi ɗan garin ya raka ni bisa, bayan mun tambayi masu tsaro sun ce hanya lafiya.

A wannan karon da idon ma'aikaci na hau, ina tsayawa ina duba, har yaron ya fara gajiya da ni. Na ga hanyar ba ta tunkari tsaunin kai tsaye ba, tana bin kafaɗarsa ne tana lanƙwasa, ta yadda hawan ba zai karya gwiwa ba. Na ga manyan duwatsu aka sa a baki, su ke riƙe ƙananan da ke tsakiya. Na ga tun da ba a liƙe tsakanin duwatsun da kome ba, ruwan sama na samun inda zai nutse ko ya tsallake ya wuce, ba ya taruwa ya yi ƙarfin da zai ci ƙasa. In dutse ɗaya ya goce, mutum biyu za su mai da shi wurinsa da safe ɗaya, ba sai an jira kasafin kuɗin baɗi ba. Abin da muke karantawa a littafi game da magudanar ruwa, ga shi nan a shimfiɗe. Akwai kuma ƙofofin dutse da hanyar ke ratsawa kafin a kai gari, inda dole ayari ya tsuke ya wuce ɗaya bayan ɗaya, wanda ke nuna masu ginin sun san ba kowane baƙo ne na alheri ba.

Amma na ga abin da bai yi mini daɗi ba. A wasu wurare gefen hanyar ya zube ba a tayar ba, ciyawa ta kama. Da na tambaya, saurayin ya ce har yanzu ana fita gayya a gyara, musamman in bikin Yawal ya matso, sai dai hannaye sun ragu, samari sun tafi Mubi da Yola da Legas. Ya kuma gaya mini, ba tare da ya ɓoye ba, cewa shi da za a fasa dutsen a kawo musu hanyar mota har bisa, da ya fi kowa murna, domin shi ya ɗauki mahaifiyarsa a baya zuwa asibiti. Na buɗe baki zan yi masa wa'azin kayan tarihi, sai na tuna ni a mota na zo, a mota kuma zan koma. Ra'ayina dai, in har za a yi hanyar mota wata rana, a nema mata wani gefen tsaunin, kada katafila ta taɓa wannan. Wanda ya yi awo ya san ana iyawa, tsada ce kawai za ta ƙaru.

Ga waɗanda ke sha'awar zuwa, musamman malaman da ke makarantarmu yanzu, lokacin hunturu ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da damina duwatsun na santsi. A fara hawa da sassafe kafin rana ta yi zafi, a riƙe ruwa isasshe, a sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa irin wanda wani ɗan ajinmu ya sa har ya sauko da ƙafa ɗaya ba takalmi ba (ya san kansa, yanzu babban mutum ne, ba zan tona ba). A nemi ɗan rakiya daga mutanen gari, a fara gaida Hidi kafin a shiga yawo, kada kuma a ɗauki hoton wurin ibadarsu sai da izini. Kafin kome, a tambayi halin tsaro a Gulak.

Da na sauko a ranar, na nemi lambar abokin zamana na benci wajen sakataren ƙungiya, na kira shi. Yana koyarwa a wata jiha yanzu, iyalinsa ba su koma gida ba tun 2014. Muka gaisa, muka tambayi yara, sa'an nan na ce masa daga dutsensu nake, kuma ina neman gafara a kan maganar da na yi a 2006. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce ya tuna, har inda muke tsaye ya tuna, kusa da wata kuka. Ya ce ya yafe tun tuni. Daga nan ya tambaye ni ko kukar na nan, na ce tana nan. Mun yi alkawari in Allah Ya kai mu hutun ƙarshen shekara za mu hau tare, shi da ɗansa na fari wanda bai taɓa ganin garin kakanninsa ba. Duk ɗan ajinmu da gwiwarsa ke da sauran ƙarfi, ya ba sakatare sunansa kafin taron shekara.